Gidan Lebura Ma Kayan Tarihi Ne? Fashin Baƙi Kan Gidajen 'Yan Katako a Yammacin Ostireliya

Wai me zai sa hukuma ta ɗauki gidan lebura, ɗan gidan katako mai rufin kwano wanda bai wuce ɗaki huɗu ba, ta sa shi cikin rajistar kayan tarihi har ta ce ba mai rushe shi ko ya canza mishi kama sai da izini? Ba sarki ne ya zauna ciki ba, ba a haifi wani firaminista a ciki ba, wani ma ko fentin kirki babu a jikinshi. Amma a jihar Yammacin Ostireliya haka abin yake. A garin Pemberton, wajen kilomita 330 kudu da birnin Perth, unguwa guda ta gidajen ma'aikatan injin katako tana cikin rajistar jiha, da layukanta da lungunanta gaba ɗaya.

Maganar ta ƙara nauyi ne tun da gwamnatin jihar ta hana saran dajin Allah don kasuwanci, wato dajin da ba shuka shi aka yi ba. Firimiyan jihar na lokacin, wato shugaban gwamnatinta, Mark McGowan, shi ne ya sanar a Satumban 2021, hanin ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024. Sana'ar da ta riƙe garuruwan nan sama da shekara ɗari ta zo ƙarshe, manyan injunan da suka dogara da dajin suka yi ta rufewa, abin da ya rage a ƙasa shi ne gidajen. To a adana su ne, ko a bar masu su su yi yadda suka ga dama? Mutane da yawa suna fahimtar abin a baibai ta fuska biyu. Wasu sun ɗauka kayan tarihi dole sai abu mai kyau ko mai tsufan gaske, wasu kuma sun ɗauka da zarar an sa gidanka a rajista shi ke nan gwamnati ta ƙwace. Duka biyun ba haka ba ne.

Wane daji, wane katako?

Itace iri biyu ne suka yi garuruwan nan, jarrah da karri. Sunayen daga yaren Noongar suka fito, mutanen da suke zaune a yankin dubban shekaru kafin Turawa su iso. Kuma duka biyun dangin itacen turare ne, wannan dogon da aka shuka mana a shingayen kare hamada a Kano da Jigawa wanda wasu ke ce wa zaiti, shi ma ai asalinshi daga Ostireliya aka kawo shi. Sai dai namu yaro ne a gabansu. Karri yana iya haura mita 80, yana cikin itatuwa mafi tsawo a duniya. Jarrah bai kai shi tsawo ba amma katakonshi ja ne mai nauyi, gara ba ta cinshi da sauƙi, ruwa ba ya ruɓar da shi da wuri, shi ya sa a ƙarshen ƙarni na 19 har titunan Landan aka shimfiɗe da guntayenshi, aka kuma yi ta lodinshi a jiragen ruwa zuwa Indiya da Afirka ta Kudu don a ɗora ƙarafunan layin dogo a kai.

Harka ce ta kuɗi na gaske. An kafa inji a Jarrahdale tun 1872. Wasu wa da ƙane, Charles da Edwin Millar, 'yan kwangilar gina layin dogo, suka shigo suka kafa injuna a Yarloop da Denmark a shekarun 1890 (Denmark ɗin nan wani ƙaramin gari ne a can bakin teku, ba ƙasar Turai ba), a 1902 kuma kamfanoni takwas suka haɗe ƙarƙashin sunan Millars suka zama dodon kasuwar. Gwamnatin John Scaddan ta jam'iyyar Leba ta ga ba za ta zuba ido ba, sai ta kafa injunan gwamnati. Pemberton daga nan ya fito a 1913, lokacin ana ce wa wurin Big Brook, kuma aikin farko shi ne fitar da katakon shimfiɗa layin dogon da ya ratsa hamada daga Kalgoorlie zuwa Port Augusta, wanda aka gama a 1917. Matsalar ita ce karri gara tana cinshi, don haka sai an dafa katakon a cikin baƙin ruwan raken da ke saura bayan an yi sukari, an haɗa da gubar arsenik, sannan a tura. Mutum ne yake tsaye kan wannan dahuwar yini guda, kuma a gidan da muke magana a kai yake komawa ya kwana.

Inji a tsakiyar daji, ba gari kusa, ba mota, to dole mai inji ya gina wa ma'aikata wurin zama. Haka garin kamfani yake samuwa. Gida na kamfani, kanti na kamfani, jirgin da zai fitar da kai daga dajin ma na kamfani. Wanda ya san barikin kuza a Filato ko kwatas ɗin 'yan reluwe a Zariya ya riga ya gane tsarin.

Gidan kanshi

Ka tsaya a bakin titi ka kalle shi. Ba a ƙasa yake zaune ba, a kan guntayen kututture aka ɗora shi, yadda iska za ta bi ta ƙarƙashi kuma damshi ba zai kama daɓen katakon ba, don yankin Pemberton ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, sama da milimita 1,000 a shekara. Bangon katako ne a kwance, kowane ya ɗan hau kan na ƙasa da shi yadda ruwan sama zai zame ya wuce. Rufin kwano. Baranda a gaba, ƙofa a tsakiya, taga ɗaya dama ɗaya hagu. Shingen 'yan siraran katako a gaban gida wanda bai wuce ƙugu ba.

In ka shiga, ɗakuna biyu a gaba, biyu a baya, ɗaya daga ciki kicin ne mai murhun ƙarfe na itace, kuma wannan murhun shi ne zuciyar gidan, a kanshi ake girki, a kanshi ake dafa ruwan wanka, gefenshi ake shanya rigar aiki da ta jiƙe, shi ne kuma abin jin ɗumi a watannin Yuni da Yuli da sanyi ke tsananta a can. Itacen hurawa kam ba a rasa ba, ragowar da zarto ya zubar ne. A gidajen farko-farko bangon ciki sau da yawa buhun algarara ne aka ja aka manna takarda a kai, daga baya aka riƙa sa allunan siminti mai asbestos. A bayan gida tankin tarar ruwan sama, rumfar wanki, sai can ƙarshen fili ɗan ɗakin masai ya juya baya ga wani siririn lungu. Lungun nan ba don ado aka bar shi ba, ta nan mai kwasar bokitin masai yake bi da dare ya ɗauke cikakke ya ajiye wani.

Kaga babu wani abin burgewa a nan. Ba zane, ba ado, kafintocin inji ne suka buga shi da katakon da aka tsaga ƙasa da tafiyar minti goma daga wurin, sau da yawa ma ba mai kyan ba, mai kyan na sayarwa ne. Kuma na kusa da shi irinshi ne sak, na gaba ma haka.

To ina darajar take?

A nan ne ake samun rashin fahimta. Masu harkar adana tarihi a Ostireliya suna da wata takardar ƙa'idoji da ake kira Burra Charter, an amince da ita a 1979 a garin Burra na Kudancin Ostireliya, wanda shi kanshi tsohon garin masu haƙar tagulla ne. Takardar ba ta ce a adana abu don ya tsufa ba. Cewa ta yi a duba muhimmancin wuri ta fuskoki daban-daban, kyan gani fuska ɗaya ce kawai, akwai ta tarihi, akwai ta ilimi wato abin da mai bincike zai iya koya daga wurin, akwai ta zamantakewa wato yadda al'umma ta ɗauki wurin a ranta, daga baya aka ƙara ta ruhi ko ibada. Gidan lebura zai iya faɗuwa a jarrabawar kyau ya ci ta tarihi da ta zamantakewa da maki mai yawa.

Bayan wannan sai a yi wasu tambayoyi. Irinshi nawa suka rage? Yana wakiltar yadda irin waɗannan gidajen suke, ko shi daban ne? Nawa ne daga jikinshi na asali? Wannan ta ƙarshen ita ce ke ba masu gida mamaki. Gidan da aka cire mishi tagogin katako aka sa na alminiyom, aka toshe baranda aka mayar da ita ɗaki, aka shafe shi da fenti yana ƙyalli, a idon dillali ya fi kuɗi, amma a idon mai tantancewa ya yi asara. Wanda kuma ya ɗan karkace, kwanonshi ya yi tsatsa amma murhunshi na nan, ɗakin masai na nan a bakin lungu, wannan shi ne mai magana.

Ni a ganina ga inda gizo ke saƙar. Kamfani ya bar littattafan lissafi, ya bar wasiƙun manajoji, ya bar hotunan manyan gumagumai da mutane tsaye a kai suna murmushi. Gwamnati ta bar rahotanni. Mutumin da ya riƙe zarto, da matar da ta haifi 'ya'ya shida ta raine su a ɗaki huɗu, ba su bar takarda ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Gidan shi ne takardarsu. Za a iya rubuta maka cewa ma'aikata sun yi zaman ƙunci ko sun yi zaman rufin asiri, duk wanda ya rubuta da inda ya karkata, amma in ka tsaya a kicin ɗin ka miƙa hannu ka kusa taɓa bango biyu, ka leƙa ka ga nisan masai cikin ruwan sama da dare, ba ka buƙatar mai fassara. Gani ya kori ji.

Mu ma mun san wannan ciwon ta wata fuskar. Zauren kakanmu da azararshi, lokacin da aka rushe shi aka yi shaguna uku ba wanda ya ce uffan, don ba gidan sarauta ba ne, sai yanzu da yara ke tambayar yadda aka zauna a da muke ta kwatance da hannu.

Gida ɗaya ba ya isa

Dalilin da ya sa a Pemberton unguwa aka sa a rajista ba gida ɗaya ba shi ne, labarin ba a cikin gida ɗaya yake ba, a jeren yake. Garin inji taswirar muƙami ce da aka zana da katako. Gidan manaja babba ne, ya ja gefe, nesa da ƙara da ƙurar zarto. Na akawu da manyan masu kula da aiki sun bi baya. Sai layukan masu iyali, iri ɗaya. Sai 'yan bukkokin tuzurai masu ɗaki ɗaiɗai, gado da ɗan murhu, abinci a gidan dafuwa na haya. Ko ba a gaya maka albashin kowa ba, da ƙafa za ka auna shi. Kuma duka garin da usur ɗin inji yake tashi, da shi yake cin abincin rana, da shi yake tashi aiki.

Abin da ya fi ɗaure ma'aikaci shi ne gidan haɗe yake da aikin. In an sallame ka, ko zarto ya cinye maka hannu ba ka iya aiki, ko maigida ya rasu a daji itace ya faɗo mishi, to ba albashi kaɗai aka rasa ba, har da wurin kwana. Mutumin da ke cikin wannan halin ko zai yi yajin aiki sai ya yi tunani sau biyu, amma duk da haka sun yi, kuma sun kafa ƙungiya mai ƙarfi.

A nan sunan May Holman yake shigowa. Mahaifinta John Holman shi ne sakataren ƙungiyar ma'aikatan katako kuma ɗan majalisar jiha, ita kuma tana taya shi aikin ofis. Da ya rasu a 1925 sai ta gaje shi a duka biyun, ta ci kujerar mazaɓar Forrest wadda garuruwan katako suka cika, ta zama mace ta farko daga jam'iyyar Leba da ta shiga wata majalisa a duk Ostireliya. Ita ce ta tsaya kai da fata har aka yi dokar tsara sana'ar katako ta 1926, wadda ta shafi kare lafiyar ma'aikata da yanayin zamansu. Ta riƙe kujerar har 1939 da ta rasu sakamakon haɗarin mota. To in kana son ganin abin da matar nan take faɗa a kai a zauren majalisa, ba a Perth za ka gan shi ba, a waɗannan layukan yake.

Me ya sa suka yi ƙaranci?

Don tun asali ba a gina su don su daɗe ba. Inji yana bin daji ne, in itacen kusa ya ƙare sai a kwance inji a yi gaba, gidajen ma a kwance su ko a ɗora su kan jirgi ko a sayar wa manoma. Denmark misali ne, cikin kusan shekara goma Millars suka gama da karrin wurin, inji ya tsaya a 1905, garin ya kusa zama kufai. Garuruwan inji da yawa yau ba abin da ya rage sai suna a taswira da wasu itatuwan lambu da suka girma a tsakiyar daji.

Sai wuta. Gidan katako, a cikin dajin turare mai ganye mai maiƙo, a ƙasar da bazararta ke bushe komai ƙayau. A Janairun 1961 gobarar daji da tsawa ta tayar ta cinye mafi yawan garin Dwellingup, ikon Allah ba a rasa rai ba, amma ƙananan garuruwan inji irin su Nanga Brook da Holyoake daga nan ba su sake tashi ba. Abin da ya ci Doma kuma bai bar Awe ba. Ranar 7 ga Janairun 2016 wuta ta shiga Yarloop da yamma, mutum biyu suka mutu, gine-gine 181 suka ƙone a yankin, fiye da hekta 69,000 ta tafi. Cikin abin da ya ƙone har da tsofaffin ma'aikatun gyaran injuna da kawunan jirgi na Millars, waɗanda suke cikin rajistar jiha kuma an mayar da su gidan tarihi, da gidajen ma'aikata masu yawa. Takardar rajista ba ta kashe wuta. Dare ɗaya, abin da ake gani kamar yana ko'ina ya zama abin nema.

Shi ya sa lissafin ƙaranci yake canzawa. Gidan da a 1970 ba wanda zai waiwaya ya kalla don irinshi ɗaruruwa ne, yau zai iya zama ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka rage a inda aka gina su.

Rajista ba ƙwace ba ce, amma ba kyauta ba ce

Mutane suna cewa "an sa gidan a heritej" kamar abu ɗaya ne, alhali matakai ne. Akwai jerin da kowace ƙaramar hukuma take yi na wuraren da take ganin suna da tarihi, wannan kamar ƙidaya ce kawai, shi kaɗai ba ya hana ka komai. Akwai jerin da ƙaramar hukuma take haɗawa da dokar tsara gari, in gidanka na ciki sai ka nemi izini kafin ka rushe ko ka yi babban canji. Sai rajistar jiha, ita ce mai haƙora, tana ƙarƙashin dokar kayan tarihi ta 2018 wadda ta maye gurbin ta 1990, duk babban aikin da za a yi sai an tura wa majalisar kula da kayan tarihi ta jiha ta duba, wanda ya lalata wuri da gangan kuma tarar na iya kaiwa dala miliyan ɗaya ta Ostireliya. Akwai kuma ƙungiyar National Trust da ke nata jerin, wannan girmamawa ce, ba ta da ƙarfin doka.

A duk matakan nan gida naka ne. Za ka zauna ciki, za ka ba da haya, za ka sayar, za ka bar wa magada. Ba a tilasta maka buɗe wa 'yan yawon buɗe ido ƙofa. Ba a ce kada ka sa wuta da famfo da banɗaki na zamani ba. Ƙa'idar Burra ɗin ma abin da take cewa a taƙaice shi ne a yi duk abin da ya zama dole don wurin ya rayu kuma a iya amfani da shi, amma kada a canza fiye da hakan. Shi ya sa yawanci ake barin mutum ya ƙara gini ta baya inda ba a gani daga titi, a ce mishi fuskar gidan da baranda da tsarin rufin ya bar su yadda suke.

Amma kada a yi mana daɗin baki, akwai nauyi. Izini yana cin lokaci, wani lokacin sai ka ɗauki ƙwararre ya rubuta maka rahoto, tallafin gyara da gwamnati ke bayarwa kuma nema ake yi ana takara, ba kowa ke samu ba.

Masu cewa a'a, kuma ba shirme suke ba

Na farko mai gidan. Sau da yawa ba attajiri ba ne, tsohon ma'aikaci ne ko ɗanshi ko wanda ya sayi gidan don shi ne mai araha a garin. Gidan sanyi gare shi, kututturen ƙasa suna ruɓewa sai an ɗaga gida an canza su, allunan asbestos ɗin nan cire su sai da masu lasisi don ƙurarsu tana jawo cutar huhu mai kisa, inshorar gidan katako a yankin gobara kuma ba wasa ba ce. Sai ya ce, jama'a ce ke son tarihi amma ni kaɗai ke biya. Wannan ƙorafin gaskiya ne, kuma duk mai son a adana gidajen da bai da amsarshi, son ranshi kawai yake faɗa. Akwai ma wani abu mai ɗaci a ciki, an bar kakanshi cikin gida mai sanyi don talaka ne, yanzu kuma ana so jikan ya ci gaba da zama cikin sanyin don baƙi su zo su ga yadda talaka ya zauna.

Na biyu masu kare daji. Su a wurinsu wannan sana'ar ɓarna ce, itatuwan da suka shekara ɗaruruwa aka kayar aka shimfiɗa a titi dawakai suna takawa, to me za a yi tutiya da shi? Wannan faɗan ma ba sabo ba ne. Charles Lane Poole, wanda ya yi aikin gandun daji a Saliyo kafin a kawo shi ya shugabanci hukumar dazukan jihar a 1916, shi ya tsara dokar daji ta 1918, kuma a 1921 ya ajiye aiki saboda gwamnati ta nace sai ta tsawaita wa Millars damar sara. Gandun da aka sa wa sunanshi daga baya, a cikinshi ne tsawa ta tayar da wutar da ta ci Yarloop. Amma ni ban ga yadda rushe gidan lebura zai dawo da itace ɗaya ba. Adana wuri ba yabonshi ba ne, kuma wanda ya ci ribar dajin ba a waɗannan layukan ya zauna ba.

Na uku shi ne mafi nauyi. Dajin ƙasar Noongar ne, kuma a daidai shekarun da ake buga gidajen nan dokar 1905 ta jihar ta ba hukuma iko kan rayuwar 'yan asalin ƙasa, inda za su zauna, aikin da za su yi, har da raba su da 'ya'yansu. In an tashi ba da labarin garin aka fara daga ranar da inji ya iso kamar da can ba kowa, to an yi ƙarya ko da kowane katako na asali ne. Kuma mutane ba su manta ba cewa a Mayun 2020, a arewacin wannan jihar dai, kamfanin Rio Tinto ya fasa kogwannin dutse na Juukan Gorge masu alamun zaman ɗan Adam na shekara 46,000, da izinin doka. Wanda ya ga haka ya ga kuma ana rubuta rahoto mai shafuka kan tagar gidan 1920, in ya yi tsaki ba za ka ga laifinshi ba.

Talakan garin fa, me zai gani?

Abu biyu ne ke jan garuruwan nan yanzu, kuma suna karo da juna. Aikin inji ya tafi, abin da ake sa rai ya maye gurbinshi shi ne noma da yawon buɗe ido, kuma baƙo ba zai yi tafiyar awa huɗu daga Perth don ya ga gidan bulo irin na unguwarsu ba, dogayen karri da tsohon garin katako yake son gani. Ƙauyen Donnelly River ya nuna hakan, injin wurin ya rufe a 1978, gidajen ma'aikatan suka koma masaukin masu hutu, ƙauyen ya tsira da kamanninshi. Sai dai ka lura da abin da ya faru, gidajen sun rayu amma ba ma'aikata a ciki. In duk gidan lebura ya zama na kwana biyu a ƙarshen mako, mai aikin gona da mai shara a otal da malamar firamare a ina za su samu haya? Daraja ta fuskar zamantakewa da ake ta faɗa mutane ne ke riƙe da ita, in sun tashi sai a bar katako da fenti.

Sai kuma wata matsala da hanin 2024 ya haifar wadda ba a cika kawowa ba. Ƙa'idar gyara ita ce in katako ya ruɓe a maye shi da irinshi, jarrah da jarrah. To jarrah ɗin daga ina? Gwamnati ta ware dala miliyan 350 don shuka gandun itacen fain, amma fain katako ne mai laushi, ba ya yin aikin jarrah a jikin bango ko a ƙarƙashin gida. Hanin bai shafi itacen da ake kayarwa don share filin haƙar ma'adinai ba, kamfanin Alcoa yana haƙar ƙasar alminiyom a dajin jarrah tun 1963, bai kuma shafi rage cunkoson itatuwa da hukuma ke yi don lafiyar daji ba, ta nan ana samun wani abu amma ba kamar da ba. Sauran sai a wurin masu sayar da tsohon katako, waɗanda ke bin gidajen da ake rushewa a Perth da sauran garuruwa suna cire daɓe da ginshiƙai, su zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, su goge su sayar da tsada. Mai gida a Pemberton da ke son canza katako biyar da suka ruɓe a gefen da ruwa ke bugawa, akwai yiwuwar abin da kafinta zai kawo mishi daga jikin wani tsohon gidan aka ɓalle shi, wanda bai samu shiga rajistar kowa ba.